Waƙa a Bakin Mai Ita: Tarihin Littattafan Mutanen Duwatsun Afalashiya

A gabashin ƙasar Amurka akwai wani jerin duwatsu da a ke kira Afalashiya. Sun taso tun daga jihar Alabama a kudu, suka miƙa arewa maso gabas har cikin ƙasar Kanada, tafiyar fiye da mil 1,500. Ba su cika tsawo ainun ba, gama wanda ya fi su duka, watau Dutsen Mitchell na jihar Karolina ta Arewa, ƙafa 6,684 ne. Amma kurmi ya lulluɓe su, ƙoramu da kwaruruka sun yayyanka su, har a zamanin da a wurare da yawa babu wata hanya sai cikin ƙorama, mutum ya hau alfadari ya bi ruwa. Don haka waɗanda suka zauna cikin kwarurukan nan suka daɗe ba su cuɗanya da mutanen birni sosai ba.

Abin da za mu duba a nan shi ne littattafan da aka rubuta a kan waƙoƙi da tatsuniyoyi da zaman mutanen kudancin duwatsun nan, watau inda jihohin Kentaki, da Bajiniya, da Bajiniya ta Yamma, da Tenesi, da Karolina ta Arewa, da Jojiya suka haɗu. An yi wajen shekara 150 ana rubutu a kansu. Mai karatu zai ga yadda littafi ya kan ceci waƙa daga ɓacewa, da yadda kuma wani lokaci ya kan raba ta da mai ita.

MASU ƘASA NA FARKO

Kafin Turawa su zo, kabilar Ceroki, ɗaya daga cikin kabilun Indiyawan Amurka, su ke da mafi yawan kudancin duwatsun. Wani mutuminsu mai suna Sequoyah, wanda bai iya karatun Turanci ba, ya duƙufa shekara da shekaru har ya ƙaga wa harshensu rubutu, ya gama cikin 1821. Ko wace gaɓar magana ya yi mata alama tata, alamu wajen 85. Cikin 'yan shekaru kaɗan jama'a suka koya, har cikin 1828 suka fara buga jarida da harshensu. Duk wannan bai hana gwamnatin Amurka ta tashe su ba cikin 1838, aka kora su yamma zuwa ƙasar da yanzu a ke kira Oklahoma, dubbai suka mutu a hanya. Kaɗan suka saura cikin duwatsun Karolina ta Arewa, zuriyarsu kuwa tana nan har yau.

Wajen waɗannan da suka saura ne wani ma'aikacin gwamnati, James Mooney, ya tafi cikin 1887. Ya sami wani dattijo masanin magani da tatsuniya, sunansa Ayunini, Turawa na ce masa Swimmer. Ashe dattijon yana da littafinsa na hannu, wanda ya rubuta surkulle da waƙoƙin magani a ciki da rubutun Sequoyah. Daga bakinsa da littafin nan Mooney ya sami babban rabo na abin da ya buga, har da littafinsa na tatsuniyoyin Ceroki na 1900. Ayunini ya rasu cikin 1899, bai gan shi ba. To, tun daga nan aka fara abin da aka daɗe ana yi, ɗan ƙasa ya ba da ilmi, baƙo ya sa suna a bango.

BAƘI MASU ALƘALAMI

Cikin ƙarni na 18 Turawa suka fara kwararowa cikin duwatsun. Mafi yawansu daga arewacin Ailan, da Sikotlan, da Ingila suka fito, akwai kuma Jamusawa. Suka sare kurmi, suka shuka masara, suka gina ɗakuna da gumagumai. Abin da suka zo da shi na nishaɗi shi ne goge irin na Turawa, da tsofaffin waƙoƙi a ka. Akwai baƙaƙen fata tare da su tun farko, bayi da 'yantattu, ko da ya ke ba su kai yawan na gonakin auduga na kudu ba.

Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare cikin 1865, sai mujallun manyan birane suka shiga neman labarun wurare masu ban mamaki don masu karatunsu. Marubuta suka riƙa hawa duwatsun, su kwana biyu, su koma su rubuta. Wadda ta fi suna cikinsu ita ce Mary Murfree, 'yar masu hali ce daga filin Tenesi, ta kan je hutu kan dutse da bazara. Cikin 1884 ta fid da littafin gajerun labarai, In the Tennessee Mountains, da sunan namiji, Charles Egbert Craddock. Sai cikin 1885 ta bayyana gaban editanta a birnin Boston, ya ga ashe mace ce. Bayanta John Fox ya fid da The Trail of the Lonesome Pine cikin 1908, aka saye shi ƙwarai da gaske. Ga kuma jaridu sun cika duniya da labarin gabar gidan Hatfield da gidan McCoy, waɗanda suka yi ta kashe juna cikin shekarun 1880.

Daga irin rubutun nan aka sami hoto biyu na mutumin dutse. Na ɗaya, jahili ne mai bindiga, mai dafa barasa a ɓoye, mai riƙon gaba. Na biyu kuwa, tsohon Bature ne tsantsa wanda zamani ya wuce ya bari. Shugaban Kwalejin Berea, William Frost, ya yi wani rubutu cikin 1899 inda ya kamanta su da kakannin Amurkawa da suka wanzu da rai. Nufinsa alheri ne, yana nema wa makarantarsa gudummawa, amma sunan ya bi su.

Mace guda ce a lokacin ta rubuta daga cikin ɗaki. Emma Bell Miles ta girma kan wani tudu kusa da garin Chattanooga, ta auri ɗan dutse, ta sha talauci irin nasu. Littafinta, The Spirit of the Mountains, ya fito cikin 1905, da babi guda a kan kiɗa da waƙa. A ciki ta yi gargaɗi cewa masu kuɗi da ke zuwa hutu za su mai da masu gonaki barorin gida. Littafin bai sami kasuwa ba, ita kuwa ta rasu da tarin fuka cikin 1919.

BATUREN DA YA BI WAƘA

A jami'ar Harvard an yi wani shaihin malami, Francis James Child, wanda ya ƙare ransa wajen tara tsofaffin waƙoƙin labari na Ingila da Sikotlan. Ya tara 305, aka buga su daga 1882 zuwa 1898. Daga tsofaffin takardu ya kwaso kusan dukansu, masana da yawa kuwa sun ɗauka waƙoƙin sun kusa ƙarewa a bakin mutane.

Cikin 1908 wata mace, Olive Dame Campbell, ta raka mijinta rangadin duba makarantun duwatsu. A makarantar Hindman ta jihar Kentaki ta ji wata ɗaliba tana rera waƙar Barbara Allen, labarin saurayin da ya mutu don budurwa ta wulakanta shi, ita ma ta bi shi don nadama. Waƙar nan an ambace ta a London tun 1666. Daga ran nan Olive ta shiga rubuta duk wadda ta ji. Cikin 1915 ta kai takardunta wurin Cecil Sharp, Baturen Ingila, wanda tun 1903 ya ke tara waƙoƙin ƙauyukan ƙasarsu. Da ya duba, sai ya ce lalle ya je ya ji da kunnensa.

Daga 1916 zuwa 1918 Sharp da mataimakiyarsa Maud Karpeles suka yi mako 46 cikin duwatsun. Ya kusa shekara 60, ga ciwon asma, ga shi ba ya cin nama a ƙasar da naman alade ne cefane. Sau da yawa da ƙafa su ke tafiya. In sun sami mai waƙa, shi ya rubuta karin da fensir, ita ta rubuta kalmomin da gajeren rubutu irin na akawu. Da haka suka rubuta kari 1,612 daga bakin mutum 281. Mace guda, Jane Gentry ta garin Hot Springs, ita kaɗai ta ba su waƙa 70. Abin da ya ba Sharp mamaki shi ne, a Ingila sai tsofaffi ke tuna waƙoƙin nan, a nan kuwa har yara suna rerawa.

Littafinsu, English Folk Songs from the Southern Appalachians, ya fito cikin 1917 da sunan Campbell da Sharp. Bayan rasuwar Sharp cikin 1924, Karpeles ta shirya cikakkensa, juzu'i 2, aka buga cikin 1932 da kari 968. Wajibi ne a yaba musu abu guda: ƙarƙashin ko wace waƙa sun rubuta sunan wanda ya rera, da garinsu, da ranar. Saboda haka jikokin mutanen nan har yau suna iya buɗe littafin su ga sunan kakarsu. A shekarun nan ne kuwa, daga 1911 zuwa 1913, aka buga tatsuniyoyin Hausa da Frank Edgar ya tara, juzu'i 3, waɗanda malaman ƙasarmu suka rubuta da ajami. Zamani ne da Turawa suka tashi tara abin da ke bakin talakawa ko'ina.

ABIN DA BAI SHIGA RAJISTA BA

Duk wanda ya taɓa riƙe rajista ya san wanda ba a rubuta ba, a wurin hukuma kamar babu shi ne. Haka littafin Sharp. Ingila ya zo nema cikin Amurka, ita kuwa ya samu. Ba ya son garuruwan haƙar kwal da na bakin reluwe, yana ganin zamani ya ɓata su. Waƙoƙin ibada da kiɗan goge da banjo bai kula da su sosai ba. Baƙaƙen fata kuwa, 'yan kaɗan ƙwarai ya saurara. Wanda ya karanta littafin sai ya zaci babu kowa cikin duwatsun sai jikokin Ingilishi, suna waƙa ba kiɗa.

Alhali kuwa banjo, wanda ya zama tambarin kiɗan duwatsun, asalinsa na Afirka ne. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka ƙera shi a tsibiran Karibiyan, da ƙwarya da fata da sanda da tsirkiya. An buga zanensa cikin littafin Hans Sloane a kan tsibirin Jamaika cikin 1707, Thomas Jefferson kuma ya shaida cikin littafinsa a kan Bajiniya cewa daga Afirka baƙaƙe suka zo da shi. Masana sun fi kamanta shi da akonting na kabilar Jola ta Gambiya da Sanagal, gurminmu na Hausa ma cikin dangin nan ya ke. Cikin shekarun 1830 da 1840 Turawa masu wasa suka riƙa shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi da shi, sannu a hankali aka manta masu shi.

Littattafai ne kuma suka gyara ɓarnar littattafai. Dena Epstein, ma'aikaciyar laburare, ta yi fiye da shekara 20 tana tonon tsofaffin takardu, ta fid da Sinful Tunes and Spirituals cikin 1977. Cecelia Conway ta bi tsofaffin makaɗan banjo baƙaƙe na Karolina ta Arewa, ta fid da nata cikin 1995. David Whisnant kuma, cikin littafinsa na 1983, ya nuna yadda baƙi masu kyakkyawar niyya suka zaɓi abin da suka ga dama suka kira shi al'adar dutse, har a bikin waƙa na Dutsen White Top, cikin shekarun 1930, aka hana baƙaƙe shiga.

FAIFAI DA KUƊI

Shekara 9 bayan tafiyar Sharp sai ga wani irin mai tara waƙa, wannan da na'ura. Ralph Peer, wakilin kamfanin garmaho na Victor, ya sauka garin Bristol, wanda iyakar Tenesi da Bajiniya ta ratsa tsakiyar titinsa, daga 25 ga Yuli zuwa 5 ga Agusta 1927. Ya ɗauki waƙa 76, yana biyan dala 50 ko wace waƙa. Cikin waɗanda suka zo akwai A. P. Carter da matarsa Sara da matar ƙanensa Maybelle, daga gindin Dutsen Clinch. Suka yi suna, suka cika faifai da waƙoƙi wajen 300.

To, kamfani na son sababbin waƙoƙi kullum, waɗanda za a rubuta da sunan wani don a karɓi kuɗin mallaka. Sai A. P. ya shiga yawon ƙauyuka yana nema. Abokin tafiyarsa wani baƙar fata ne mai ƙafa ɗaya, makaɗin gita, sunansa Lesley Riddle. A. P. ya rubuta kalmomi, Riddle ya riƙe karin a ka, in sun komo ya koya wa matan. Sunan Carter ke kan faifai. Riddle ya bar kiɗa, sai cikin 1965 aka binciko shi a birnin Rochester aka ɗauki muryarsa.

Ga kuma labarin Frank Proffitt, manomin taba. Cikin 1938 waɗansu masu tara waƙa, Frank Warner da matarsa, suka ji ya rera waƙar Tom Dooley, labarin wani tsohon soja da aka rataye cikin 1868 saboda kisan wata mace. Waƙar ta shiga wani littafi cikin 1947. Cikin 1958 waɗansu samari 3 na birni, Kingston Trio, suka sa ta a faifai, aka sayi miliyoyi. Sai da magana ta kai ga lauyoyi kana aka fara ba Proffitt wani rabo, ya kuwa rasu cikin 1965 yana da shekara 52. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Tatsuniya ma haka. Richard Chase ya fid da The Jack Tales cikin 1943, labarun wani yaro Jack, auta mai wayo da sa'a, wanda ya kan ci nasara kan ƙattai. Daga zuriyar Council Harmon ta Dutsen Beech ya ji su, zuriyar da Jane Gentry ma ta fito. Yara sun ji daɗin littafin, amma Chase ya haɗa bakin mutane da yawa ya gyara, har babu tatsuniya guda da ta fito yadda mai ita ya faɗe ta.

MAI ƊAKI YA ƊAUKI ALƘALAMI

Ana cikin waƙe-waƙen nan ƙasa na fita daga hannun masu ita. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 wakilan kamfanoni suka bi gida gida suna sayen abin da ke ƙarƙashin gonaki, sau da yawa santi 25 zuwa dala 1 ko wace eka. Da yawa cikin masu sayarwa ba su iya karatu ba, alama kawai suka yi a takarda. Daga baya jikokinsu suka ga an kawo injuna an yaye gonar don a kwashe kwal, kotu kuwa ta ce takarda ta ba da izini. Sai cikin 1988 jama'ar Kentaki suka jefa ƙuri'a aka gyara dokar. Wannan ba ya cikin littafin baƙo mai neman tsohuwar waƙa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

James Still, wanda ya yi aikin laburare a makarantar Hindman, yana ɗaukar littattafai a kwali yana kai wa makarantun ƙauye da ƙafa, ya fid da River of Earth cikin 1940, labarin iyalin da ke kai da kawowa tsakanin gona da ramin kwal, yunwa na bin su. Harriette Arnow, 'yar Kentaki, ta fid da The Dollmaker cikin 1954, labarin matar da ta bar gona ta bi mijinta birnin Detroit lokacin yaƙin duniya na biyu. Miliyoyin mutanen dutse sun yi irin ƙaurar nan. Harry Caudill, lauya ɗan garin Whitesburg, ya fid da Night Comes to the Cumberlands cikin 1963, ya tona yadda arziki ke fita talauci na zama. Littafin na cikin abubuwan da suka jawo hankalin gwamnati. Shugaba Johnson ya ziyarci gabashin Kentaki cikin 1964, aka kafa hukumar raya yankin cikin 1965.

Wajen waƙa kuwa, ba wanda ya kai Jean Ritchie. An haife ta a ƙauyen Viper cikin 1922, auta cikin 'ya'ya 14. Yayyenta na cikin waɗanda suka rera wa Sharp cikin 1917. Cikin 1952 ita ma ta ɗauki na'ura ta haye teku, ta bi ƙauyukan Ingila da Sikotlan da Ailan tana ɗaukar waƙoƙinsu, watau ziyara ta koma. Littafinta, Singing Family of the Cumberlands, na 1955, ya sa ko wace waƙa a mazauninta: wadda a ke yi wajen kaɗa nono, da ta renon jariri, da ta zaman baranda bayan cin abincin dare. Wanda ya karanta shi ya san amfanin waƙar ga masu ita, abin da kari da kalmomi kaɗai ba su nunawa. Ta kuma yi sababbin waƙoƙi a kan ƙoramun da haƙar kwal ta baƙanta. Ta rasu cikin 2015.

Cikin 1966 'yan makarantar Rabun Gap ta jihar Jojiya suka fara bin kakanninsu da tambaya suna rubutawa, aikin ya zama The Foxfire Book cikin 1972, aka saye shi ƙwarai. Cikin 1991 wani mawaƙi baƙar fata ɗan Kentaki, Frank X Walker, ya haɗa sunan Afirka da na duwatsun ya ƙaga kalmar Affrilachia, don a san su ma 'yan ƙasa ne. Gardamar kuwa ba ta mutu ba. Da J. D. Vance ya fid da Hillbilly Elegy cikin 2016, ya ɗora babban rabo na laifin talauci a kan halin mutanen, marubutan yankin suka mai da masa martani da littattafai. Cikin 2022 Barbara Kingsolver ta fid da Demon Copperhead, labarin maraya a zamanin da ƙwayoyin kashe zafi suka yi wa yankin ɓarna, ya ci kyautar Pulitzer cikin 2023.

RUWA DA TAKARDA

A ƙarshen watan Yuli 2022 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a gabashin Kentaki, ambaliya ta kashe fiye da mutum 40. Ruwan ya shiga ma'ajiyar takardu ta makarantar Hindman, inda Olive Campbell ta fara jin waƙar nan. Ya kuma shiga ta Appalshop a Whitesburg, wadda tun 1969 ta ke tara hotuna da muryoyin mutanen dutse. Jama'a suka taru suna tsamo takardu daga laka, suna wankewa, suna sa su cikin sanyi don kada su ruɓe. An ceci waɗansu, waɗansu sun lalace.

Abin da tarihin nan ya koya mana bai da wuyar ganewa. Ba don baƙi irin su Mooney da Sharp ba, da abu mai yawa ya bi tsofaffi kabari, saboda haka godiya ta wajaba. Amma baƙo abin da ya zo nema shi ya ke gani, sauran sai mai gida ya rubuta da kansa. Wanda duk zai tara waƙar wani, ya rubuta sunan mai ita, da garinsu, da ranar, ya rubuta yadda aka faɗa ba yadda ya so ba, in kuɗi ya fito kuma ya kai masa rabonsa. Takarda ma ba ta isa ita kaɗai ba, tun da ruwan dare ɗaya ya iya cinye ta. A gundumar Madison, inda Jane Gentry ta zauna, har yanzu akwai zuriyar waɗanda suka rera wa Sharp cikin 1916, suna rera waƙoƙin nan yadda suka ji a bakin iyayensu, suna koya wa na baya. Masu iya magana sun ce, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.